Neman Shaidar Aikin Tasi'u a Makka

A shekarar da aka sake buɗe wa baƙi hanyar Umara bayan annobar korona, lokacin da sahun Harami ya koma kafaɗa da kafaɗa, Allah ya nufe ni da zuwa Makka. Tun da na dawo, 'yan majalisarmu ta ƙofar masallaci ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce yaya jirgi, wancan ya ce wai da gaske ne ana tuƙa tuwo a can. In na gaya wa mutum uku, na huɗu ya iso ya ce a koma farko. Shi ya sa na zauna na rubuta da ajami kamar yadda na saba, 'yata Rabi ta juye shi zuwa boko, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina da zafinsa.

Ba Umara kaɗai ta kai ni ba. Na tafi da saƙon ƙanena Tasi'u.

Tasi'u ya yi shekara goma sha ɗaya a Makka yana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Takardar zamansa ta ƙare, aka kama shi aka dawo da shi, ba shi kuma da damar komawa. Yanzu yana koyar da wannan sana'a a wata cibiya a nan Kazaure. Sai aka sanar da su cewa duk malamin da bai kawo difloma nan da shekara biyu ba, za a sallame shi. Difloma kuwa, ga mai aiki da ke zuwa kwaleji ƙarshen mako, shekara uku ce. Mutum mai shekara arba'in da huɗu da 'ya'ya biyar, ga aikin da yake ci da su zai suɓuce masa saboda shekara ɗaya tal.

Wata malama mai kula da ɗaukar manyan ɗalibai a kwalejin ita ta nuna masa ƙofa. Ta ce akwai tsarin da ake duba abin da mutum ya riga ya iya ta hanyar aiki, in ya tabbata sai a yafe masa darussan shekarar farko. Abu uku ake so: bayanin ayyukan da ya yi dalla-dalla, shaida daga wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, sannan jarrabawar hannu. Ni abin bai zame mini sabo ba. A zaurukan da muka yi karatu, in ɗalibi ya zo daga wani gari, malam ba ya mai da shi farkon littafi. Cewa yake karanto in ji, inda bakinsa ya tsaya nan za a ɗora masa. Sai dai malam kunnensa ya ishe shi shaida, kwaleji kuwa sai da takarda. Takarda ɗaya da Tasi'u ya dawo da ita daga Saudiyya, abin da aka rubuta a gurbin sana'a shi ne direban gida, domin da wannan sunan aka shigar da shi ƙasar.

Ya kwatanta mini shagon maigidansa, Mu'allim Bakur, a unguwar Mansur, bayan wani gidan gasa gurasa. Lambar wayarsa ta daina shiga tun da daɗewa. Da zan shiga mota ya riƙe ƙofa ya ce, "Yaya Malam, in ya ƙi, kada ka matsa masa." Na tambaye shi dalili, ya ce in gaida masa Ka'aba kawai.

Mun tashi bayan asuba zuwa Kano. A motar na haɗu da Alhaji Mamman mai sayar da taki, wanda wannan ce tafiyarsa ta uku, kuma tun kafin mu wuce Ɗambatta ya naɗa kansa madugunmu ba tare da an roƙe shi ba. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ya sani ya fi son ya faɗa bayan ka riga ka faɗa rami. A filin jirgi aka karɓe man shanun da uwargida ta ƙulla mini, domin na sa shi a jakar hannu. Sai da aka tafi da shi Alhaji Mamman ya ce ai da na tambaye shi. Shi ne kuma ya sa na ɗaura harami tun a ƙasa, wai banɗakin jirgi ba ya ɗaukar mai jiki irina. Gaskiya ya faɗa game da banɗakin, amma bai ce komai game da sanyi ba. Haka na zauna cikin ƙyalle biyu haƙorana suna haɗuwa, har wata ma'aikaciyar jirgi ta ji tausayina ta kawo mini bargo.

A Jidda mace na tarar a kan teburin duba fasfo, 'yar yarinya da ba ta wuce sa'ar Rabi ba. Ta sa na ɗora yatsuna a kan gilashi, na'ura ta ƙi karanta su. Shekara talatin ina awon hatsi a kasuwa, zanen yatsun ya shafe. Na goge a harami, na hura musu iska, na sake ɗorawa, shiru. Layi ya tsaya a bayana, zuciyata ta fara raya mini cewa daga nan za a mai da ni. Yarinyar ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗiga mini wani mai a tafin hannu, ta ce, "Sabur, ya Hajji," wato in yi haƙuri. A karo na tara ɗan yatsana na hagu ya ceci sauran.

Masaukinmu a unguwar Jarwal yake, hawa na goma sha huɗu, mu biyar a ɗaki. Makullin ɗakin kati ne, kuma sai an soka katin a bango wuta take kamawa. Ranar farko Alhaji Mamman ya zare shi ya fita ina cikin wanka, na ƙarasa a duhu ina lalube kamar mai neman allura a rumbu. Game da Umara kuwa ba zan tsawaita ba, domin abin ya fi ƙarfin alƙalamina. Na baro gida da addu'o'in mutum fiye da ashirin a kaina, kowa da bukatarsa. Da idona ya faɗa kan Ka'aba duk suka tashi kamar tsuntsaye, ban iya cewa komai ba sai Alhamdu lillahi, ina maimaitawa ina kuka. Sai a zagaye na huɗu suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya.

Abincin safe a can gurasa ce mai faɗin faifai da dafaffen wake da aka dama da mai. Da rana shinkafa da rabin kaza, a shimfiɗa leda a ƙasa a juye. Babu miya. Kwana uku ina cin shinkafa tsurarta, maƙogwarona yana kiran kuka. Abin da ya burge ni shi ne yadda mutum zai tsayar da mota ya miƙo maka ruwa da dabino, ya ja motarsa kafin ka gama godiya. A wurinmu mai kyauta yakan ɗan tsaya a sa masa albarka. Gaisuwarsu kuma gajera ce. Ka fara tambayar gajiya da iyali da sanyi, ka ɗago ka ga mutumin ya yi nisa.

Na'urar sanyaya ɗakinmu, wadda su ke kira mukayyif, ta yi ta ɗiga a kan jakata. Aka turo wani mutumin Bangaladash, ya buɗe ta, ya kara kunne, ya zaro wani siririn tiyo ya busa, ɗiga ta tsaya. Na tsaya ina kallon hannunsa. Na ce a raina, ko shi ma me aka rubuta a takardarsa, Allah masani.

Ranar kwana na huɗu na nufi Mansur ni kaɗai. Da na sauka daga tasi sai na ji kamar an ɗauko Fagge an ajiye ta tsakanin duwatsu. Ga warin daddawa, ga mai tsire yana fifita wuta, ga mata suna ciniki da Hausa suna ƙarasawa da Larabci. Na sami gidan gurasar, amma shagon da ke bayansa wayoyi ake sayarwa, mai shagon kuma bai taɓa jin sunan Bakur ba. Na yi ta zagaye har rana ta take. Yunwa ce ta kai ni wurin wata dattijuwa mai tuwon masara da miyar kuka, Hajiya Batula, wadda kakanninta suka zo ta Sudan da ƙafa. Na ci malmala biyu, sannan na yi tambaya.

Da na ambaci Tasi'u sai ta ajiye mara ta dube ni. Ta ce shi ne ya tayar mata da firiza a wani azumi, nama cike, ana saura kaɗan ya lalace. Ta ce Bakur ciwon suga ya zaunar da shi, ya miƙa wa ɗansa Faisal aikin, sun koma unguwar Hindawiyya. Na miƙe zan tafi, ta ce in zauna. "Nan ba Kazaure ba ce, Malam, da za ka doka sallama a ƙofar mutum tsakar rana. Sai an buga waya." Ta kira matar Bakur, suka yi doguwar magana, aka sa mini bayan la'asar.

Mu'allim Bakur dattijo ne baƙi dogo, haifaffen Makka, kakansa ne ya zo daga Katsina bai koma ba. Hausarsa irin ta tsofaffin da ce, ya cakuɗa ta da Larabci. Na same shi a ɗakin baƙi ya miƙe ƙafa ɗaya a kan matashi. Faisal, mai kimanin shekara talatin da biyar, ya shigo da butar gahawa da wani ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ya zuba abin da bai kai rabi ba ya miƙo. Na shanye na mayar, ya sake zubawa. A gida an koya mana ba a mai da hannun kyauta, don haka na yi ta sha, shi kuma yana tsaye yana ta zubawa. A kofi na bakwai zuciyata ta fara bugawa kamar kalangu. Bakur ya tuntsire da dariya ya ce, "Ya shehu, girgiza kofin! In ba ka girgiza ba, wallahi har magariba yana kanka."

Dariyar ta sa muka saki jiki. Amma da na faɗi ko ni wane ne, sai fuskarsa ta sauya. Ya tambayi lafiyar Tasi'u, da 'ya'yansa nawa, da ko har yanzu yana ciwon bayan nan. Na amsa, sannan na kwance masa saƙo tun daga sallamar da ke jiran Tasi'u har zuwa takardar da kwaleji ke so. Kafin ya buɗe baki Faisal ya yi magana da Larabcinsu mai sauri. Larabcina na littafi ne, amma na tsinci kalmar cin tara da kalmar rufe shago.

Bakur ya murza carbinsa. Daga nan ya yi mini bayani a hankali. Tasi'u ba a ƙarƙashin sunansa ya zauna a ƙasar ba, wani ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a hukuma. A dokarsu laifi ne ka sa wanda ba naka ba aiki. In ya rubuta takarda ya buga hatimin shago cewa Tasi'u ya yi masa aiki shekara goma sha ɗaya, ya rubuta ƙarar kansa ke nan. Lasisin shagon yanzu da sunan Faisal yake, da shi yake samun aikin otal-otal, shi ma yana da mata da 'ya'ya. Takarda kuwa in ta fita hannu ba ka san inda za ta kwana ba. Ya ce in yi haƙuri.

Ban matsa ba. Kuma in faɗi gaskiya ban ga laifinsa ba a lokacin. Ni na zo ne don abincin 'ya'yan ƙanena, shi kuma yana tsaron abincin jikokinsa.

Washegari na koma wurin Hajiya Batula, don tuwo da kuma don ba ni da wanda zan gaya wa. Ta saurara, ta ja tsaki, ta ce ashe Tasi'u bai gaya mini yadda aka kama shi ba. A kan rufin wani otal aka same shi yana aiki. Bakur ya je sayo kaya, ya dawo ya tarar ana saka shi a mota, ya tsaya a tsallaken titi bai fito ba. A inda aka tsare su an yi ta tambayar Tasi'u wa yake yi wa aiki, ya ce shi kaɗai yake yawonsa da jakar kayan aiki. Wata biyu yana tsare bai sauya magana ba. Da ya ambaci suna, da shagon ya tafi tun a lokacin. Ta ce duk Mansur an san wannan, kuma an san Bakur bai taɓa kiransa ba tun daga ranar, har ya sauya lamba.

Tuwon ya fita raina. Na tashi da niyyar in koma Hindawiyya in faɗa wa dattijon nan abin da ke bakina. Allah ya sa tasin da na samu ta Harami ta bi, na sauka na yi ɗawafi. Ina zagayawa ina tunani: mai haƙƙin da kansa ya riƙe wannan magana shekara bakwai bai mai da ita bulala ba, har ya ce kada in matsa. Ni wane ne da zan ɗauki abin da ya bari don Allah in je in yi ciniki da shi? Na sha zamzam na koma masauki. Na yanke cewa zan gaya wa Tasi'u ban samu ba, mu nemi wata hanya, ko da yake ban ga wata hanyar ba.

Bayan kwana biyu Hajiya Batula ta kira ni. Ta ce matar Bakur tana nemana, wai akwai kayan Tasi'u da suka rasa yadda za su yi da su. Na je. Faisal ya fito da wani kwali daga saman kabad ya ajiye a gabana da hannu biyu. Uwar tana bayan labule tana bayani. Lokacin da suka tashi daga tsohon shago an zubar da tarkace da yawa, amma waɗannan littattafan kowane shafi da Bisimilla ya fara, ba a jefa sunan Allah a shara. Baƙaƙen na Larabci ne amma sun kasa karantawa, domin hannunmu na allo ba irin nasu ba ne, kalmomin kuma ba Larabci ba. Ita tana zaton addu'o'i ne, Faisal yana tsoron ko wani asiri ne. Shekara bakwai suna kaffa-kaffa da kwalin, ba a ɗora komai a kansa. Tunda an ce ni malami ne, in tafi da su ko in faɗa musu yadda za a yi.

Littafi tara ne irin na 'yan makaranta. Ina buɗe na farko na gane hannun, domin ni na koya masa riƙon alƙalami. Na karanta a fili:

"Bisimilla. Talata. Otal na bayan tasha, hawa na shida. Kwamfiresa tana zafi tana tsayawa. Mu'allim ya ce gas ne. Ba gas ba ne, kafasita ce. Na canja, ta tashi."

Bakur, wanda tun shigowata bai ɗago ya dube ni sosai ba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wallahi kafasita ce. Ɗan banza, ashe rubuta ni yake yi." Ya ce ya san littattafan aiki ne, yana ganin Tasi'u yana rubutu kullum bayan an tashi, amma tun ranar da aka tafi da shi bai iya buɗe kwalin ba, bai kuma iya cewa a zubar ba.

Nan take na ga abu na farko da kwaleji ke nema yana gabana: kowane aiki da ranarsa, da ciwon na'ura, da maganin da aka yi mata. Na roƙi izinin tafiya da su, suka ce ai nasa ne. Sai dai akwai sunayen kayan aiki da ya rubuta yadda ake faɗarsu a Makka, waɗanda ban san su ba. Bakur ya ce in riƙa zuwa bayan la'asar ina karantawa yana fassara mini.

Kwana uku muka yi a haka. Na koyi girgiza kofi. Faisal da farko tsayawa yake a bakin ƙofa, daga baya ya zauna, domin shi ma sana'ar ya karanta, a kwaleji kuma, da takardarsa a bango. Da muka zo inda Tasi'u ya kwana biyu a kan babbar na'urar da ke sanyaya otal gaba ɗaya, har ya zana hanyar ruwanta a gefen shafi, Faisal ya karɓi littafin ya daɗe yana duban zanen. Ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Wannan, mu sai shekara ta uku muka karanta." Na kuma lura da wani abu da ban faɗa ba. A littattafan farko kusan kowane shafi akwai "Mu'allim ya ce". A na ƙarshe-ƙarshe sai ya koma "Mu'allim ya tambaye ni".

A rana ta uku muka kai littafi na tara, wanda rabinsa fari ne. Na so in rufe, Bakur ya ce in karanta shafin ƙarshe. Layi biyu ne: Bisimilla, da rana, da sunan otal, da cewa fankar rufi tana ƙara, zai hau ya duba. Babu abin da ya biyo baya.

Sai Bakur ya ce wa Faisal ya kawo takarda da biro. Faisal ya ce, "Abuya," wato Baba, da muryar mai roƙo. Bakur ya ce, "Hatimi naka ne, ba zan taɓa shi ba. Suna kuwa nawa ne." Ya ɗora takardar a kan tire ya rubuta da hannunsa cewa shi wane ɗan wane ya shaida Tasi'u ya yi aikin sanyi tare da shi shekara goma sha ɗaya, kuma duk abin da ke cikin littattafan nan tara gaskiya ne, ya gani da idonsa. Ya sa hannu, ya rubuta lambar wayarsa, ya ce duk mai tambaya ya kira. Faisal ya fita. Na zaci fushi ya yi. Bayan ɗan lokaci ya dawo da fassarar takardar da Turanci ya buga ta a na'ura, ya miƙo mini. Na ga tsoron bai bar idonsa ba, kuma har yau ina sa shi a addu'a.

Na ciro waya na ce bari in kira Tasi'u su gaisa. Bakur ya ɗaga hannu ya ce a'a, ba shi da fuskar da zai yi masa magana tukuna.

A filin jirgin Jidda kayana suka yi nauyi. Ko dabino ko littattafai. Na juye rabin dabinon a jakar Alhaji Mamman, wanda ya ce ai da na tambaye shi da tun a masauki ya faɗa mini. Waɗanda tsarabarsu ta zo kaɗan, yanzu sun ji dalili.

Mako biyu muka yi ni da Rabi da Tasi'u muna juye ajami zuwa boko, muna ware ayyukan gida-gida yadda malamar ta tsara: na firji daban, na ɗaki daban, na manyan injuna daban. Aka sa masa ranar jarrabawar hannu, aka ba shi na'urar da aka ɓata da gangan, ya gano ciwonta kafin mai jarrabawar ya gyara zama. Abu ɗaya ya rage. Takardar Bakur ba ta da hatimi, don haka malamar ta ce sai ta ga mai shaidar ta ji daga bakinsa. In bai ɗauka ba, ko ya ja baya, shaida ta faɗi.

Ranar Laraba da hantsi muka je ofishinta, ni da Tasi'u. Ta jingina wayar a kan tebur ta kira ta bidiyo. Ta yi ta ƙara har na fara karanta abin da na iya a zuci. Sai fuskar Bakur ta bayyana, ya sa farar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, Faisal ne ke riƙe masa wayar. Malamar ta gabatar da kanta, ta tambaye shi sunansa, da ko shi ya rubuta takardar, da ko Tasi'u ya yi aiki a ƙarƙashinsa.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya, 'yata. Bakwai ina koya masa. Huɗun ƙarshe, in abu ya gagare ni shi nake kira. Rubuta haka."

Ta rubuta. Ta yi masa wasu tambayoyi kan irin injunan, ya amsa. Ta yi godiya za ta kashe, ya ce ta dakata, ya tambaya ko Tasi'u yana kusa. Ta juya wayar. Suka dubi juna, ba wanda ya yi sallama.

Bakur ya ce, "Tasi'u, ran nan ina tsallaken titi cikin mota. Na gan ka. Ban fito ba."

Tasi'u ya ce, "Na ga motar, Mu'allim. Addu'a nake yi kada ka fito. Wannan bai taɓa damuna ba. Shirun da ya biyo baya ne ya dame ni."

Bakur ya ce, "Shi nake roƙon ka yafe mini."

Tasi'u ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce, "Ka biya yau, Mu'allim. Babu saura. Yaya ƙafar?"

Malamar ta juya ta shiga buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya, wai tana neman hatimin da za ta buga wa takardar Tasi'u, alhali yana hannunta.